Ruwan da Ya Washe

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Gaisuwa mai tarin yawa daga ni da duk mutanen gida. Ina fata kina lafiya, kuma sanyin garin naku bai gama da ke ba. Mu nan sai godiya. Ƙafar Baba ta yi sauƙi, amma kunnen ya ƙara nauyi. Yanzu in ba ka tsaya a gabansa yana kallon bakinka ba, kai kaɗai kake zancenka. Shi ya sa ya ce kada in kira ki a waya kan wannan magana. Takarda yake so, wadda zan zauna in karanta masa da ƙarfi, in ya ga dama ya ce in maimaita. Antinki tana gaishe ki, ta ce har yanzu tana jiran hoton da kika yi mata alkawari.

Abin da ya sa na rubuto, Auta, ruwanmu yana washewa.

Kin san aikin, a cikinsa kika tashi. Gansakukar tekun nan da muke renonta a tankuna, wadda 'ya'yan jatan lande ke ci da zarar an ƙyanƙyashe su, in tana lafiya ruwan yakan yi launin shayi mai kauri. To yanzu sai tanki ya yi kyau har mu ce gobe za mu ɗiba, gari ya waye mu tarar da shi fes kamar ruwan sha, da wani farin gari kwance a ƙasa. Da tankin bakin ƙofa ya fara. Muka wanke, muka sake zubawa, ya koma na kusa da shi. Yanzu babu wanda bai taɓa ba. Na canza taki, na canza matacin ruwa, na yi wa tankunan rumfa, duk a banza. Kuma kin san in ba gansakuka, 'ya'yan ba sa kai ko'ina. Na ce wa ma'aikata su je su huta tukuna, masu tafkunan kiwo da ke sayen 'ya'ya a wurinmu kuma na ba su haƙuri.

Ga kwalabe nan a cikin kula da ƙanƙara, kowace na rubuta mata inda ta fito. Akwai ta tankin da ya washe, akwai ta wanda bai washe ba, akwai ruwan bakin gaɓa inda muke ja. Mai jan murfin daga jikin Tsohuwa na ɗebo, uwar gansakukarmu. Baba bai so ba. Ya ce Tsohuwa lafiyarta ƙalau, tun kafin a haife ki yake renonta a babbar kwalbar nan ta ɗakin sanyi, daga ita ake ɗiban irin kowane tanki, ba ta taɓa ba shi kunya ba. Sai da ya kishingiɗa na lallaɓa na ɗiba. Kin tuna lokacin da yake sa ki durƙusa ki gaishe ta, wai ai ta girme ki?

Ya ce in gaya miki, shekarun da kika yi kina leƙen ruwa a madubin nan mai ƙara girman ƙwayoyi, yau ga ranarsu. Ni kuma na ce in kin kasa ganowa ki tattaro ki dawo, buroshinki na wankin tanki yana nan a rataye.

Yayanki.

*

Yayana na kaina,

Ina gaishe ka da kyau, ina gaida Baba da Anti da yara. Lafiyata lau, sai dai mura da ba ta rabuwa da ni. A ce wa Anti hoto yana nan tafe, jira nake in yi kyau tukuna. Buroshi kuma ka ci gaba da riƙe mini.

Kula ta iso da sauran ƙanƙararta. Bari in gaya maka yadda na yi, don Baba ya san ba zaman banza nake ba. Ɗakin da madubin yake ba shi da taga, ƙofarsa ma da baƙin labule. Nakan tace ɗan ruwa a kan wani ƙaramin faifai mai huda-huda da ido ba ya gani, in ɗiga masa wani irin rini. A hasken rana rinin nan ba ya nuna komai. Sai na kashe fitila na haska masa shuɗin haske ta cikin madubin, sannan duk ƙwayar da ya kama ta ɗauki ƙyalli kore shar. Ita gansakuka ba ta bukatar rini. Muddin tana da rai, da kanta take yin ja kamar garwashi.

Na fara da ruwan tankin da bai washe ba. Ga su nan jajaye, a jere kamar sarƙa, gwanin kyau. Na sa na wanda ya washe. Yaya, jan ya mutu. Ɓawo ne kawai fanko ke yawo, kewaye da shi kuwa ɗigo-ɗigon kore ba iyaka, kamar an watsa yashi mai haske a kan baƙin zane. Na daɗe ban ɗaga kaina ba.

Bairos ne. Ba irin wanda ke kama mutum ba, kada Anti ta tsorata, ko jatan landen ma ba ruwansa da su. Gansakukar kawai yake so. Yakan shiga cikin ƙwaya ɗaya ya mai da ita ɗakin haihuwarsa, ya hayayyafa har ta fashe, 'ya'yansa su watsu kowa ya nemi ta gaba. Shi ya sa kake kwana da tanki ka tashi babu.

Na kama shi, Yaya! Ba takinka ba ne, ba rana ba ce, ba sakacinka ba ne. Ka gaya wa Baba na kama shi.

Sauran bayani sai na dawo. Jirgin ruwan binciken da na daɗe ina neman gurbi a cikinsa zai tashi jibi, kuma can tsakiyar teku waya ba ta shiga. Ban samu duba Tsohuwa da ruwan gaɓa ba, don madubin ɗaya ne, mu kuwa muna da yawa. Rabin Tsohuwa na daskarar, rabi na ajiye a ƙarƙashin fitila, abokin aikina da muke kira Dogo zai riƙa leƙa ta. Kafin in dawo ku riƙe abin da ke hannunku.

Ina sauri, ko jaka ban haɗa ba.

Taku, Auta.

*

Auta 'yar albarka,

Gaisuwa, da fatan teku bai juya miki ciki ba. Na san ba za ki ga wannan ba sai kin sauka, amma hannuna ya ƙi haƙuri. Kowa lafiya. Baba kam kamar an sauke masa shekaru daga kafaɗa.

A baranda na karanta masa takardarki. Wajen ja da kore kai kawai yake gyaɗawa. Da na zo wurin "na kama shi" ya ce, "Maimaita." Na maimaita. Ya ce, "Da ƙarfi." Na ɗaga murya har maƙwabta suka leƙo. Ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Shi ke nan. Tunda ta kama shi, saura magani."

Kin ce mu riƙe abin da ke hannunmu, mun riƙe. Masu tafkunan da suka fara leƙa babban kamfanin nan na can gaba, Baba da kansa ya bi su ɗaya bayan ɗaya a bayan babur ɗina, da ƙafar nan tasa. Ya ce musu 'yarsa likitar ruwa ta gano cutar, su je su gyara tafkunansu, 'ya'ya suna nan tafe. Kin san nauyin maganarsa a wurinsu, babu wanda ya nemi shaida. Mun dawo da ma'aikata. Mun karɓo iyayen jatan lande masu ƙwai daga hannun masunta, manya-manya, irin waɗanda muka daɗe ba mu gani ba. A lissafina, kafin su zuba ƙwai a ƙyanƙyashe, kin dawo kin aiko da maganin. Tankunan mun wanke su tas, mun zuba sabon iri daga Tsohuwa, ga shi har sun fara ɗaukar launi.

In maganin na zubawa ne, ki rubuta yawan da ake sa wa tanki da manyan baƙaƙe, kin san idona da ƙananan rubutu. Antinki ta ce in jiran kyau kike yi, ta yafe hoton.

Yayanki.

*

Auta,

Ina gaisuwa. Lafiyar jiki dai muna da ita.

Ban san ko kin sauka ba. Na kira lambarki har na gaji. Na kira ofishinku, wata ta ce jirgi ya ƙara lokaci saboda iska.

Iyayen sun riga lissafina. Sun zuba ƙwai, an ƙyanƙyashe, 'ya'ya cike da tankuna. In ka ɗebo a kofi ka ɗaga sama, kamar ƙura ce ke rawa a ciki. Tunda nake aikin nan ban taɓa ganin ƙyanƙyasa mai kyau irin wannan ba. Ranar da suka buɗe baki suna neman abinci, ranar gansakuka ta washe. Wannan karon ba tanki ɗaya ba. Duka.

Na yi iya yina. Na dafa ƙwan kaji na murje gwaiduwar na tace musu, yadda ake yi a da, sai ta ɓata ruwan. Na je kamfani roƙon ko jarka ɗaya ta gansakukarsu, ko ƙofa ban wuce ba. Manajan ya aiko a ce mini sun ji labarin cutarmu, in yi wa Allah in matsa da babur ɗina daga bakin get ɗinsu. Muna tsaye muna kallo 'ya'yan suka rage motsi, suka sauka ƙasa. Warin da ya tashi da muka buɗe magudana har yanzu bai bar rigunana ba.

Masu tafkuna sun zo. Sun riga sun cika tafkunansu sun zuba taki, kuma lokacin samu a wani wuri ya wuce. Ba su yi faɗa ba, da ma sun yi. Babbansu ya durƙusa ya gaida Baba, ya ce, "Baba, da ka ce mana ba ka da tabbas." Baba ya ce masa magani yana hanya.

Kullum da safe sai Baba ya tambaye ni ko motar saƙo ta zo. Ki aiko da ko mene ne, Auta. Ko rabinsa ne.

Yayanki.

*

Yayana,

Ina gaishe ka, ina gaida Baba da Anti. Na sauka lafiya. Takardunka biyu na tarar a akwatina, na karanta su a tsaye a gindin matakala, ta murnar sannan ɗayar. Sai da na zauna a ƙasa.

Yaya, babu magani. Bari in faɗa a fili wannan karon, yadda babu wanda zai ji wani abu daban: babu magani, kuma ba a taɓa samunsa ba. Da na ce na kama shi, nufina na gan shi. Haka muke cewa a nan in abu ya fito a madubi. Da na ce ku riƙe abin da ke hannunku, nufina ku tsaya inda kuke, kada ku ƙara komai. Cikin ɗoki na rubuta, hankalina yana kan jirgi, ban tsaya na ji yadda maganar za ta faɗo a baranda ba.

Shi bairos ba a cire shi a bar gansakukar. A waje kamar ƙura yake, ba ya ci ba ya sha, ba shi da inda za a kama. In ya shiga cikinta kuma sun zama ɗaya. Duk abin da zai kashe shi zai kashe ta.

Sauran maganar ta fi wannan nauyi. Ina isowa na wuce ɗakin duhu da Tsohuwa, ko wanka ban yi ba. A ido lafiyarta ƙalau, kamar yadda Baba ya ce. A madubi kuwa, tsakanin jajayen akwai kore. Kaɗan ne. Sanyin ɗakin Baba yana sa shi tafiya a hankali, shi ya sa ba ta washe ba. Amma da an ɗebe ta an kai tanki ta ji rana ta fara yawa, shi ma sai ya tashi. Duk wankin nan da kuke yi, da hannunku kuke mai da shi. Na ba Dogo ya sake dubawa, ban gaya masa ta wace ce ba. Abin da na gani shi ya gani.

Abin da ya rage shi ne a zuba wa Tsohuwa bilic, ruwan nan mai kashe duk wata ƙwaya, da kowace kwalba, da kowane bututu, a busar da gidan gaba ɗaya har kaka guda, sannan a samo sabon iri daga wani wuri. Ko an yi haka ma ba zan yi maka alkawari ba, don a ruwan bakin gaɓa ma na gan shi. Yana cikin tekun da kuke ja. Matacinku yashi yake tarewa, shi kuwa wucewa yake kamar iska ta raga. Irin na'urar da ke tsare shi, sai kamfani ke iya riƙe ta.

Ka karanta wa Baba yadda ka ga zai iya ɗauka. Ni ban san yadda zan nemi gafararku ba.

Auta.

*

Auta,

Gaisuwa. Takarda ta iso.

Kin ce in karanta yadda zai iya ɗauka. Ni ban iya wannan ba. Kuma Baba ba yaro ba ne, bakina yake kallo, in na tsallake layi ya sani. Duka na karanta masa.

Ya ce, "Tsohuwa?" Na ce eh. Ya tashi ya shiga ɗakin sanyi, na bi shi. Ya ɗebo ta a kofin gilashi ya fito da ita haske yana juyawa, launinta kamar zuma. Ya ce, "Duba nan. Wannan ce marar lafiya?" Na ce abin ba a ganinsa da ido. Ya ce, "Ni za ka gaya wa abin da ido ba ya gani? Da shi na ciyar da ku har ta je ta koyo leƙensa." Ya ce duk wanda ya kawo bilic ɗakin nan ya fara zuba masa tukuna. Ya kulle ƙofa ya sa makulli a aljihu.

Ma'aikata sun watse. Wasu sun koma kamun kifi, ban riƙe kowa ba. Masu tafkuna in mun haɗu a hanya mukan gaisa, su yi sauri su wuce.

Kin ce haka kuke cewa a wurinku. To nan ba wurinku ba ne. Kin san wanda za a karanta wa, kin san kunnensa, kin san abin da yake jira ya ji.

Baba ya yi shiru. Ko baranda ba ya fitowa.

Yayanki.

*

Yayana,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Ni ina nan. Abin da ka faɗa gaskiya ne, ba ni da bakin kare kaina.

Wannan sashen na Baba ne, ka karanta masa a hankali. Baba, na san fushi kake da ni shi ya sa ka yi shiru. Gara ka yi mini faɗa, ka sa Yaya ya rubuto duk abin da ka ce, zan karanta a durƙushe. Ban ce Tsohuwa ta yi laifi ba, ban ce renonka ne ya gaza ba. Masu manyan na'urori ma ba su riƙe iri ɗaya tsawon da ka riƙe ta ba. Ka ce wani abu, Baba.

Yanzu kai, Yaya. Rabin Tsohuwa da na bari a ƙarƙashin fitila ya washe kamar naku. Dogo zai zubar na ce ya bari. Bayan wani lokaci na ga ƙasan kwalbar ya ɗan yi launi. Na kai madubi. A tsakiyar koren nan akwai 'yan jajaye tsiraru da ransu, yana kewaye da su bai shige su ba. Na tsince su ɗaya-ɗaya da wani bututun gilashi mai siririn baki kamar gashi, ina ta renonsu. Jikokin Tsohuwa ne. Ka ji ni da kyau: ban ce magani ba ne, ban ce komai ba tukuna. Ga kwalba ɗaya nan. Ka gwada a ƙaramin bokiti, kada ka gaya wa kowa.

Akwai kuma abin da gara ka ji daga bakina. Farfesa, shugaban sashenmu, ya ga hotunan. Ya ce wannan bairos babu wanda ya taɓa rubuta labarinsa. Yana so mu fitar da shi a mujallar masana, sunana a gaba, kuma da shi za a sabunta mini aiki. Ranar har mutane ya tara, suna layi a ƙofar ɗakin duhu, kowa ya leƙa ya ce kai, abin sha'awa. Ni ina tsaye a bayan labule ina jin su. Ban ce masa eh ba, ban ce a'a ba.

Auta.

*

Auta,

Muna gaisuwa. Yara lafiya, Antinki ce dai ta rame.

Na karanta wa Baba sashensa. Hawaye ya zubo masa ta ido ɗaya.

Ba fushi yake ba. Shirun da na ce miki, faɗuwa ya yi. A ƙofar ɗakin sanyi Antinki ta same shi, makulli a hannunsa. Ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Daga asibiti na rubuto miki waccan takarda. Na san yadda za ki fahimci layin, kuma na bar shi haka. So na yi ke ma ki ɗanɗani rabin magana. Ban ji sanyin da na zaci zan ji ba.

Yanzu yana gida. Kalma ɗaya biyu tana fita. Yana gane mu, amma kwanaki sun cakuɗe masa. Wani lokaci yakan tambayi marigayiya Mama ko ta dawo daga kasuwa.

Jikokin sun yi launi a bokiti. Na zuba musu ruwan gaɓa da gangan, ba su washe ba. Ba zan ɓoye miki ba, sai da na sa rai. Na samo uwa ɗaya mai ƙwai wurin wani masunci da har yanzu yake amsa gaisuwata. Da 'ya'yan suka fito na ba su. Auta, ba sa ci. Gansakukar dunƙulewa take, ta yi wani yauƙi ta manne a jikin bokiti, bakinsu ba ya iya kama ta. Suna iyo a cikin abinci yunwa ta kashe su.

Maganar mujalla, ki rubuta. Gara a ce wani a gidan nan ya ci wani abu a cikin abin nan. Sai dai kada ki sa sunan Baba, kada ki faɗi gidan da ruwan ya fito.

Yayanki.

*

Yayana,

Ina gaisuwa. Ya jikin Baba? Yana iya haɗiya? Wa ke juya shi? Tunda na karanta takardarka ban shiga ɗakin duhu ba. Ban riƙe ka a zuciya ba, ba ni da wannan damar.

Yauƙin da ka gani shi ne abin da ya tsare su. Shi ya hana bairos shiga, shi kuma ya hana 'ya'yan ci. Na raba su gida-gida ina neman waɗanda ba su da yauƙi. Duk wadda ta rabu da shi, kore ya cinye ta. Ba ni da sauran dabara, Yaya. Na tambayi waɗanda suka fi ni, su ma kai suka girgiza.

Ina so in zo. Amma takardun zamana suna ofishin shige da fice ana sabuntawa, kuma sun ce in na fita kafin su fito, ba zan iya dawowa ba. Babu wanda ya san ranar fitowarsu. Ni dai na ciro jakata na ajiye a bakin gado. Kai ne babba. In ka ce in taho, gobe zan taho, aikin ya tafi.

Auta.

*

Ƙanwata,

Gaisuwa daga ni da Antinki da yara. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, abubuwa ne suka taru. Baba yana haɗiya in an dama masa abu da ruwa-ruwa. Ni da Antinki muke juya shi. Hannun bai dawo ba, likita ya ce kada mu sa rai.

Kada ki taho. Ba don fushi ba, wallahi ya wuce. In kin zo za ki tarar da mutum biyu marasa aiki ne, ki zama ta uku. Ki zauna takardunki su fito. In Allah ya sa da rabon ku gana, za ku gana.

Na buɗe ɗakin sanyi da makullin. Ba a bukaci bilic ba. Tunda Baba ya kwanta babu mai sabunta wa Tsohuwa ruwa, ta washe ita kaɗai. Na wanke kwalbar na kife.

An sayar da wurin. Wasu masu buga bulo ne suka saya, sun ce tankunan za su yi musu amfani wajen tara ruwa. Sun bar mana gidan zama zuwa ƙarshen shekara. Na nemi aiki a kamfani, suka ce wanda ya fito daga inda cuta take sai ya daɗe bai taɓa ruwan teku ba kafin su duba. Wani abokina ya yi mini hanyar tuƙin motar kaya a cikin gari. In mun samu ɗaki zan aiko miki da adireshi. Kada ki ƙara aiko da kwalba, babu inda zan zuba.

Jiya da hantsi masu sayen suka zo kwance injin iska, wanda ke hura tankuna. Ko da tankunan suka zama fanko ban taɓa kashe shi ba, saboda Baba. Ashe tun muna yara ba mu taɓa jin gidan nan babu ƙugin injin ba. Da suka kashe, yara suka bar wasa suka tsaya suna kallon juna. Na ɗauka Baba ba zai sani ba, da kunnen nan nasa. Ashe ta ƙafar gado yake jin sa. Na shiga na tarar ya dafa bango da hannun mai lafiya, yana ta lalube. Ya daɗe yana kokawa da bakinsa kafin maganar ta fito.

Ya ce, "An ɗauke wuta?"

Na ce eh, Baba.

Ya ce, "To. Za su kawo."

Yau da safe ma ya tambaya. Na ce ba su kawo ba tukuna.

Yayanki.